Tambaya da Amsa: Mu biyu ne kawai, ko sashen alfarma a jirgin ruwa ya cancanci kuɗinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maigidana za mu cika shekara 25 da aure a bana, kuma da yake yaranmu sun girma, autarmu ma tana jami'a, mun yi niyyar in Allah ya yarda mu yi tafiyar mako guda a jirgin ruwa na shaƙatawa a tekun Bahar Rum, mu biyu kawai. Jirgin zai tashi daga Basalona, ya tsaya Marsel da Jenowa da tashar da ake sauka a tafi Roma, sai Sisili da Malta, sannan ya koma. Ejan ɗinmu ya kawo mana farashi iri uku: ɗakin ciki marar taga, ɗaki mai baranda, da sashen alfarma wanda kuɗinsa ya ninka na mai barandar fiye da sau biyu. Maigidana ya ce tafiya ce ta sau ɗaya, a ɗauki na alfarmar, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da yawan kuɗin ba. Ba ma shan giya, kuma hayaniya ce babban abin da muke gudu. Wanne ya fi dacewa da mu?
Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara danƙon zumunci, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A irin wannan tafiyar da kika zayyana, shawarata ita ce ku ɗauki ɗaki mai baranda, ku bar sashen alfarma, sai dai idan ya zama dole ku yi tafiyar a watan Yuli ko Agusta. Zan kawo dalilaina dalla-dalla domin ki samu abin da za ki gabatar wa Alhaji, saboda hujjarsa ma ba ta banza ba ce.

Abin da ejan ɗinku ya kira sashen alfarma wani keɓaɓɓen ɓangare ne a saman jirgin, wanda ba ya buɗuwa sai da katin mazaunansa. Kamfanin MSC yana kiran nasa Yacht Club, kuma ya fara shi ne a shekarar 2008 a jirginsa Fantasia. Kamfanin Norwegian yana kiran nasa The Haven, Celebrity kuma The Retreat. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina: ɗakin cin abinci na daban, wurin ninƙaya na daban, falon zama, hadimi da ake iya kira dare da rana, da kuma shiga jirgi da fita ba tare da bin dogon layi ba. Don ki ga girman bambancin, jirgin MSC World Europa, wanda aka ajiye a Doha a matsayin otal lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022, yana iya ɗaukar fasinja sama da 6,700 a ɗakuna fiye da 2,600, amma ɗakunan sashen alfarmarsa kimanin 150 ne kacal. Saboda haka abin da ake sayar muku a zahiri shi ne tazara tsakaninku da cunkoson dubban mutane, kuma wannan tazarar gaskiya ce, duk wanda ya taɓa neman kujera a babban ɗakin cin abinci da ƙarfe tara na safe ya san darajarta.

Matsala ta farko ita ce wani kaso na kuɗin nan na abin da ba za ku taɓa ba ne. A Yacht Club, alal misali, an haɗa kuɗin abin sha na duk tsawon tafiyar a cikin farashin ɗakin, kuma mafi tsada a cikin abin shan shi ne giya. Baturen da yake shan kofin giya biyar ko shida a rana yana mayar da wani ɓangare na kuɗinsa ta wannan hanyar, shi ya sa idan kika karanta bayanan masu yaba wa sashen za ki ga da yawansu da lissafin giya suke farawa. Ku da iyakarku shayi da gahawa da lemo da ruwan gora, wannan ribar ba ta zuwa gare ku, kuma ba a rage muku ko kwabo don kun ce ba kwa sha. A ɗaki na gama-gari kuwa kuna iya sayen kunshin abin sha marar giya a kan kuɗi kaɗan, ko ma ku riƙa biya kofi-kofi, domin ruwa da shayi da gahawa kyauta ne a ɗakin cin abincin da mutum yake ɗiba da kansa. A kula da wata ƙa'ida da kamfanoni da dama suke da ita, cewa idan mutum ɗaya ya sayi kunshin da ke da giya to dole sauran manyan da ke ɗakin su saya, don haka ki tabbata ejan bai cusa muku irinsa a cikin farashi ba da sunan garaɓasa.

Matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi a wurina, ita ce hanyar da kuka zaɓa. Tafiyar yammacin Bahar Rum ta kwana bakwai tafiya ce ta tsayawa tasha-tasha, kusan kullum gari zai waye muku a wani sabon birni, kuma yawanci yini ɗaya ne tak jirgin yake yi a tsakiyar teku ba tare da ya tsaya ba. Ranar Roma kaɗai ta isa misali, domin jirgin a Cibitabekiya yake tsayawa, tazarar kilomita kusan 80, tafiyar sama da awa guda a mota ko jirgin ƙasa, wanda ke nufin za ku fita da sassafe ku dawo da yamma a gajiye, ku ci abinci ku kwanta. Wurin ninƙayar da hadimin da falon duk suna nan suna jiranku a sama, amma ku kuna titunan Baleta, babban birnin Malta, ko Jenowa, kuma kuɗinsu yana tafiya ko kun shiga ko ba ku shiga ba. Da a ce tsallake tekun Atlantika za ku yi, inda ake shafe kwana shida ko bakwai ba a ga ƙasa ba kuma jirgin ne gidanku da kasuwarku da filin shan iskarku, da amsata ta canza.

Sai batun hayaniya, wanda kika ce shi ne babban abin da kuke gudu. A nan ne rashin yara a tare da ku ya ba ku wata dama da masu iyali ba su da ita, wato ku ne kuke zaɓar lokaci, kalandar makaranta ba ta ɗaure ku ba. Makarantun Turai suna dogon hutu a Yuli da Agusta, a lokacin ne jiragen suke cika maƙil da iyalai, ga zafi ga tsada, ga kamfanoni suna yi wa yara rangwame mai yawa don su jawo iyayensu. Jirgin nan dai, a hanyar nan dai, idan kika hau shi a watan Mayu ko daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, za ki tarar da yara kaɗan, fasinjojin galibi manya ne, farashin ma ya sauka. Natsuwar da Alhaji yake son ya saya da ninki biyu, kaso mai yawa nata ana samunsa ta hanyar gusar da ranar tafiya da 'yan makonni. Akwai kuma kamfanonin da ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba kwata-kwata, kamar Viking, wanda jiragensa na teku ba su wuce ɗaukar mutum dubu ba, babu gidan caca a ciki, kuma kowane ɗaki yana da baranda. Yana da tsada, amma ya kamata ejan ya ajiye muku farashinsa kusa da na sashen alfarmar ku kwatanta. Virgin Voyages ma na manya ne zalla, sai dai yanayinsa na kiɗa da casu ne har tsakar dare, kuma ba na jin shi ne irin natsuwar da kike nufi.

Barandar kuwa ina goyon bayanta ƙwarai, kuma dalilina ya wuce kallon ruwa. Wuraren shan iska na gama-gari a waɗannan jirage cike suke da mutane cikin kayan ninƙaya, kuma wurin ninƙayar sashen alfarma ma haka yake, yawan mutanen ne kawai ya ragu. Mace irinki da take son ta sha iska a sake, ta zauna da mijinta su yi hira da shayinsu bayan sallar asuba ba tare da ta takura ba, ba ta da wurin da ya kai barandarta, ko da yake idan jirgi yana tasha sai a tuna cewa na kan gaɓa da na jirgin da ke gefe suna iya hangowa. Ɗakin ciki marar taga ba ya nuna miki dare ko rana, ba kya ganin fitowar alfijir balle faɗuwar rana, kuma ga mai kiyaye lokutan sallah wannan takura ce ta gaske. Shi mai baranda ya ɗan fi faɗi, ana samun wurin shimfiɗa sallaya tsakanin gado da ƙofar gilashi, kuma da yake jirgin yana juyawa sai a riƙa duba alƙibla a waya ko a taswirar hanya da ake nunawa a talabijin ɗin ɗaki kafin kowace sallah.

Inda ɗakin yake a jikin jirgi ya fi girmansa tasiri a kan barcinku. Ku nemi na tsakiyar jirgi, a hawan da sama da ƙasansa duk ɗakunan kwana ne. Na taɓa karɓar ɗaki mai kyau a hawa na kusa da ƙarshe ina murna, ashe a ƙarƙashin dandalin ninƙaya yake, tun kafin asuba ma'aikata suke fara jan kujeru a saman kaina, haka na yi mako guda barcina bai cika ba. Sassan alfarma da yawa a can sama suke kuma ta goshin jirgi, inda tangal-tangal ya fi yawa idan teku ta motsa, don haka idan ɗayanku mai saurin jiri ne ko tashin zuciya, ɗaki mai rahusa a tsakiya ya fi masa alheri.

Rarar kuɗin da za ta saura tana da wuraren zuwa. Akwai tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kowane dare, akwai kuɗin intanet, akwai inshorar tafiya mai ɗauke da kuɗin jinya, wadda ba a yin wasa da ita saboda asibitin cikin jirgi ba kyauta ba ne, ga kuma bizar Shengen, wato bizar shiga waɗannan ƙasashen Turai, da ya kamata a nema tun da wuri. Abin da zai fi faranta muku rai kuwa shi ne ku ɗauki mota da ɗan jagora na kanku a Roma maimakon bin ayarin mutum arba'in a bas, kuma ku isa Basalona kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara. Batun naman halal a rubuta wa kamfanin tun makonni kafin tafiya, a karɓi amsa a rubuce, domin biyan kuɗin sashen alfarma shi kaɗai ba ya tabbatar da shi. Idan kuma giya da caca a kewaye da ku ne suka fi damunku, ku tambayi ejan game da AROYA, kamfanin Saudiyya da ya fara jigila daga Jidda a Disambar 2024, wanda babu giya a jirginsa kuma akwai wuraren sallah.

Idan aikin Alhaji bai ba shi hutu ba sai a Agusta, kuma babban jirgin nan ne za ku hau, to a nan ra'ayinsa ya fi ƙarfi, domin a lokacin ne ƙofar nan mai kati take biyan kuɗinta. Ko a haka ma ku tambaya ko akwai ƙaramin ɗaki a cikin sashen, saboda wasu jiragen MSC suna da ɗakuna marasa taga a cikin Yacht Club, masu cikakkiyar damar shiga ɗakin cin abincin da falon a kan kuɗin da ya yi ƙasa da na manyan ɗakunan sosai.

TAMBAYA: Na riga na biya ɗaki mai taga ni da matata, sai kamfanin ya aiko mini da saƙo cewa in taya ɗaki mafi girma, idan tayina ya karɓu a mayar da mu can. Ko akwai wata maƙarƙashiya a ciki?
Daga wani mai karatu mazaunin Ingila.

AMSA: Malam, tsarin halastacce ne, kamfanoni irin su Royal Caribbean da Norwegian da MSC suna yin sa domin su cike ɗakunan da ba a saya ba, kuma sau da yawa shi ne hanya mafi sauƙi ta samun baranda. Sai dai ka san abubuwa uku kafin ka taya. Adadin da ka rubuta na mutum ɗaya ne, za a ninka shi biyu a cire daga katinka. Idan suka sallama maka, cinikin ya faɗa, ba a fasawa kuma ba a mayar da kuɗi. Sannan su ne za su zaɓa maka ɗakin, yana iya faɗowa a ƙarƙashin wurin kiɗa ko a bayan kwale-kwalen ceto da ke tare rabin abin da za ka gani. Kafin ka rubuta komai, ka duba nawa ake sayar da irin ɗakin a yau, ka cire abin da ka riga ka biya, kada tayinka ya wuce rabin abin da ya rage. Ka kuma karanta sharuɗɗan ka ga ko sabon ɗakin zai zo da duk alfarmar ajinsa da kuma ko tukuicin kowane dare zai ƙaru. Idan ɗakin da kake da shi yanzu a tsakiyar jirgi yake, kuma uwargida mai saurin jiri ce, ka bar saƙon ya wuce ba tare da ka taya ba.