Me Ya Sa Holan Ke Aika Wa Kanada Furanni?

Tambaya: Malam, na ji an ce duk shekara Holan na aika wa Kanada furannin tulif. Me ya haɗa su? — Wata mai karatu

Amsa: 'Yar uwa, godiya ce ta wanda aka ceto daga bakin mutuwa. Jamus ta mamaye Holan a watan Mayun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gimbiya Juliana ta Holan ta sami mafaka a Ottawa, babban birnin Kanada, a can ta haifi 'yarta Margriet a 1943. Da yaƙi ya ƙare, gidan sarautar Holan ya aika wa Kanada 'ya'yan tulif (irin da ake shukawa, mai kama da albasa) 100,000, al'adar kuma ta ɗore.

Sai dai ni abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne hunturun 1944 zuwa 1945. Yunwa ta kashe kimanin mutum 20,000 a yammacin Holan, har mutane suka koma dafa 'ya'yan tulif suna ci. Sojojin Kanada kuwa sun kutsa cikin taɓo da gonakin da ruwa ya malale a yaƙin kogin Scheldt, don buɗe hanyar tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke Beljiyam. Sama da 7,600 daga cikinsu suka rasu wajen 'yantar da Holan, da yawansu samari ne da suka shiga soja don raɗin kansu. Kaburburansu na nan a Groesbeek da Holten, 'yan makaranta na kai musu ziyara.

Ranar 5 ga Mayun 1945, a garin Wageningen, Janar Charles Foulkes na Kanada ya karɓi miƙa wuyan sojojin Jamus. Ita ce ranar da Holan ke bikin 'yancinta har yau.