Tambaya da Amsa: Ina ya kamata a sa fis a kwalekwale?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwalekwale mai inji da nake dakon kaya da shi tsakanin Apapa da Ojo. Na sayo fitila mai wat 60 da famfon kwashe ruwa a kasuwar Alaba, wanda ya haɗa mini kuwa ya murɗa wayoyin a kan batir ba tare da fis ba. Kwanan nan na ji ƙaurin roba, da na taɓa wayar fitilar sai na ji ta da zafi. Mene ne gyara?
Mai karatu daga Ojo, Legas

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka cire wayoyin nan daga kan batir yau ɗin nan, domin batir mai bolt 12 yana iya mayar da waya garwashi idan ta goge ta haɗu da 'yar'uwarta, ga kuma tankin fetur a kusa. Babban aikin fis, wanda ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, shi ne kare wayar kanta, saboda haka wurinsa yana kan jar waya, wato ta ɓangaren (+), dab da batir. Ƙa'idar masu ƙera jiragen ruwa a Amurka ta ce kada tazarar ta wuce inci 7, wato kimanin santimita 18, domin duk abin da ke tsakanin batir da fis ba shi da kariya.

Lissafin ba shi da wuya: idan ka raba wat 60 da bolt 12, fitilarka tana jan amfiya 5 (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ke nan), don haka fis mai amfiya 7.5 ya dace da ita, muddin kaurin wayar zai ɗauki fiye da haka. Zafin da ka ji yana nuna ko dai wayar ta yi siriri, ko kuwa mahaɗar ta ci tsatsa. Ka fere bakin wayar ka duba. In ka ga jan ƙarfen ya yi baƙi ko kore, gishirin ruwan Legas ne ya shige ta. Ka nemi waya mai silli-silli wadda aka shafe da kuza, a matse mata kai da abin matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, domin salatif ba ya jure danshi.

Famfon kuwa a ba shi nasa fis daban, gwargwadon abin da kamfaninsa ya rubuta, don kada matsalar fitila ta kashe shi ruwa yana shigowa. Abin da ya fi damuna shi ne masu cusa guntun waya ko takardar kwalin taba a gurbin fis da ya ƙone. In ya ƙone, a nemo dalili tukuna, sannan a sa irinsa daidai.