Duwatsun gonarka ba tsirowa suke yi ba

Tambaya: Gonata tana gindin dutse a wajen Zariya. Kowace damina tsakuwa da duwatsu sai ƙaruwa suke yi, har garma ba ta shiga sosai. Wasu sun ce dutse tsirowa yake yi. In tsince su in sayar wa masu tifa?

Amsa: Malam, dutse ba ya tsiro. Ƙasar da ta lulluɓe shi ce ruwa yake wankewa, shi kuma ya fito fili.

Ita ƙasar ma daga dutsen ta samo asali. Ruwan sama yana ɗauke da ɗan tsami da yake samu daga iska. Idan ya shiga tsagar dutse irin na Kufena da ke Zariya, sai ya riƙa cin sa sannu a hankali, wani sashe ya ruɓe ya zama laka, ƙwayoyi masu tauri su rage su zama yashi. Sai dai aikin yana da nawa ƙwarai. Kafin a samu ƙasa mai kaurin yatsa ɗaya sai an yi ɗaruruwan shekaru, alhali mamakon ruwan Agusta kan gangare zai iya tafiya da ita cikin 'yan damuna. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga jan ruwa yana fita daga gona, domin taki da abinci ne suke tafiya.

Don Allah kada ka sayar da duwatsun nan. Da rani ka jera su a gicciye, su tare gangaren. Ka ɗan tona ƙasa, manya su zauna a ciki, ka cusa ƙanana a tsakani, tsayin jerin ya kai kamar santimita 25. Tsakanin jeri da jeri ka bar taku 20 zuwa 30, ka matso da su inda gangaren ya yi tsanani. Kada ka toshe ruwan ɗungum, so ake ya rage gudu, ya ajiye lakarsa, ya wuce. Manoman Adar a jihar Tawa ta Nijar da irin wannan aiki suka farfaɗo da faƙo da yawa.

Jerin ya bi inda tsayin ƙasa yake daidai, kada wani gefe ya fi wani gangarawa, in ba haka ba ruwan zai taru wuri guda ya ɓalle maka kwazazzabo. Farin tiyo da ake ganin ruwa a cikinsa ya isa awo, domin ruwan da ke bakinsa biyu a tsayi ɗaya yake tsayawa. A gefen jerin ka dasa gamba ko jema, kunyoyinka su ma su gicciya, kuma ka bar ɗan kara a gonar bayan girbi, kada a share ta ƙal.