Sa Yarinya a Makarantar Mishan: Shin Tarihin Zuwansu Ya Isa Hujjar Haramtawa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ma'aikaci ne, aiki ya kawo ni wani gari a Jihar Filato. 'Yata mai shekara 11 ta ci jarrabawar shiga wata sakandaren mishan, wadda kowa a garin ya san ta fi ta gwamnati malamai da kayan aiki. Da na sanar da mahaifina sai ya ce bai yarda ba. Wai 'yan mishan da Turawan mulkin mallaka tafiyarsu ɗaya, makarantunsu tarko ne, kuma kakanninmu gudunsu suka yi. Malam, haramun ne in sa ta? Kuma abin da Baba ya faɗa haka yake a tarihi?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, zan fara da maganar Baba, domin kada ka je masa da raini kana ganin tsoron tsofaffi ne kawai. Yana da abin kamawa. A taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka shimfiɗa ƙa'idojin mamaye Afirka, sun rubuta a yarjejeniyarsu cewa za a ba 'yan mishan kariya ta musamman. A wurare da dama mai wa'azi ne ya fara isa, soja ya biyo sawunsa. Masarautar Buganda, a ƙasar Uganda ta yau, ta ishe mu misali. Musulunci ya riga Kiristanci shiga can ta hannun fatake daga Zanzibar, har Sarki Mutesa na ɗaya ya yi shekaru yana azumin Ramadan. 'Yan mishan Furotesta na Ingila suka iso a 1877, 'yan Katolika na Faransa suka biyo a 1879, daga 1888 kuma ƙasar ta rikice da yaƙi tsakanin ɓangarorin addini. A 1892 wani jami'in kamfanin Ingila ya raba wa 'yan Furotesta bindigogi, ya mara musu baya a yaƙin Mengo. Da aka zo rabon gundumomi da sarautu, Musulmi suka tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan jami'i shi ne Lugga (Frederick Lugard), wanda daga baya ya ci ƙasar Hausa da yaƙi. A ƙasar Yarbawa ma, yaran Musulmi da yawa sai da suka sauya suna kafin su samu gurbi a makarantar mishan, wasu kuma daga nan addinin ya tafi. Wannan ciwo na cikin abin da ya sa Musulmin Legas suka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen a 1923, don su gina nasu makarantun. Saboda haka tsoron Baba ba daga sama ya faɗo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci. Adalci kuwa shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. A ƙasarmu ta Arewa, mishan da gwamnatin Turawa ba kullum bakinsu ke zama ɗaya ba. A 1900, tun kafin a ci Kano, 'yan mishan na Ingila, Bishop Tugwell da Likita Mila (Walter Miller) da abokan tafiyarsu, sun shiga birnin, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan faɗuwar Sakkwato a Maris 1903, Lugga ya yi alkawari a bainar jama'a cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba. Ba don ƙaunar addinin ya yi ba, lissafin mulki ne: Turawa 'yan kaɗan ne, ta hannun sarakuna suke mulki, kuma tawayen Satiru na 1906 ya ƙara nuna musu abin da zai faru in aka tsokani mutane a kan imaninsu. Don haka razdanoni suka riƙa hana 'yan mishan buɗe tasha a cikin biranen sarakuna, 'yan mishan kuma suka yi ta kai ƙara Ingila cewa gwamnatinsu ta fifita Musulunci. Likita Mila ya samu zama cikin birnin Zariya a 1905, amma a ƙarshe sai da aka fitar da mishan ɗin zuwa Wusasa a 1929. Ƙarfinsu sai ya koma yankunan da Musulunci bai yi jijiya ba, irin inda kake zaune yanzu. Ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission) ma a Wase, cikin Jihar Filato ta yau, ta fara sauka a 1904.

Ko makarantar boko ta farko da gwamnati ta buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, wanda ya shugabance ta, Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa, da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati. Ka ga dalilin da ya sa iyayenmu ba su bambance ta gwamnati da ta mishan ba, suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo ɗibar yara. Ba na zarginsu, da abin da suka gani suka yi hukunci. Sai dai mu da muka zo daga baya mun ga kuɗin da aka biya: da lokacin karɓar mulki ya zo a 1960, masu ilimin zamani a Arewa ba su kai ko kusa da na Kudu ba, kuma har yau muna jan wannan ƙafa. Akwai kuma abin da ba za a musa ba, cewa wasu cikin 'yan mishan sun yi jinyar kutare a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa a lokacin da dangin mara lafiya ma ke gudunsa. Suna da manufar yaɗa addininsu, ba su ɓoye ba, amma jinyar an yi ta.

To, yanzu hukunci. Tarihi yana sa mutum ya yi hattara, amma ba shi ke halattawa ko haramtawa ba. Ƙa'idar malaman usulu ita ce hukunci yana tafiya tare da illarsa, wato dalilin da aka gina shi a kai: in ta samu ya samu, in ta kau ya kau. Illar da ta sa magabata suka guji waɗannan makarantu ita ce tsoron a raba yaro da addininsa. Ba a haramta lissafi ko Turanci ko kimiyya don malamin ba Musulmi ba ne. Imam Ahmad ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu fursunonin Badar da ba su da kuɗin fansa, Annabi (SAW) ya sanya fansarsu ita ce su koya wa 'ya'yan Ansaru rubutu. Mushirikai ne, jiya-jiya suka zare takobi a kan Musulmi, aka damƙa musu yara. Ya kuma umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. A hijira ma, ɗan jagoran da ya san hanya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, yana kan addinin Ƙuraishawa. Amma ka lura da inda aka yi karatun na fursunonin Badar: a cikin Madina, a gaban idon iyaye, yaro ya gama ya koma gidansu ya yi salla. Wannan shi ne ma'aunin.

A ɗaya gefen kuma Allah ya ce a Suratut Tahrim, aya ta 6, mu kare kanmu da iyalanmu daga wuta. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa kowane yaro a kan fiɗira ake haifarsa, iyayensa ne ke mayar da shi Bayahude ko Banasare ko Bamajuse. Yarinya 'yar shekara 11 ba ta da makamin da za ta tace abin da take ji. Abin da ake maimaita mata kowace safiya, shi ke zama.

Saboda haka, idan makarantar tana tilasta wa kowane ɗalibi shiga coci, ko yin addu'arsu da waƙoƙin ibadarsu a taron safe, ko tana koyar da aƙidarsu ga ɗan Musulmi a matsayin abin da zai gaskata, ko tana hana salla a kan lokaci, ko tana hana yarinyar da ta balaga suturta jikinta, to bai halatta ka sa ta ba, komai kyan sakamakon jarrabawarsu. Wannan babu sassauci a cikinsa, domin kare addini yana gaba da kare dukiya da neman abin duniya. Idan kuwa ta jeka-ka-dawo ce, an keɓe yaran Musulmi daga ibadarsu, ana barinsu su yi azahar, suturar ta yi daidai, kai kuma ka tsaya a kan Islamiyyarta da yamma ba fashi, to ya halatta, musamman in babu wata makaranta ta Musulmi ko ta gwamnati da za ta biya buƙata.

Ta kwana ita ce nake jin nauyinta. A ra'ayina kada ka kai yarinya mai wannan shekaru makarantar kwana ta mishan, ko da sun yi maka alkawarin ba za su tilasta mata komai ba. Wata uku ba ta jin kiran salla, babu mai tada ta asuba, ƙawayenta duka Lahadi suna ado suna tafiya coci ita kaɗai a ɗaki. Ba sai an tilasta mata ba. Malamanmu na Malikiyya suna da ƙa'idar toshe kafar ɓarna tun kafin ta auku, kuma nan wurinta ne.

Wani abu da mutane ke ruɗewa a kai: makarantu da yawa mishan ne suka kafa su, amma gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970. Kwalejin Rimi ta Kaduna da can St. John's ce, Kufena ta Zariya St. Paul's ce, Sarauniya Amina kuma Queen of Apostles. Irin waɗannan hukuncinsu hukuncin kowace makarantar gwamnati ne, tsohon suna ba ya cutarwa. Haka asibitin mishan, irin na Galmi a Jamhuriyar Nijar: zuwa neman magani ya halatta, ka karɓi maganinka, ka riƙe addininka, ka yi musu godiya a kan kyautatawarsu, kamar yadda aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta ba da dama.

Kada ka dogara da abin da aka buga a takardar talla, ko abin da shugaban makaranta zai gaya maka a ofis. Ka je da sassafe ka tsaya bakin fili ka ga yadda ake taron safe, ka ga ko yaran Musulmi na cikin layi suna rufe ido tare da kowa. Ka tambayi inda ake alwala, ka ce a nuna maka. Ka nemi iyaye Musulmi da 'ya'yansu suka yi shekara biyu ko uku a ciki. Ka karanta fom ɗin da za ka sa wa hannu layi-layi, domin wasu makarantun a nan suke rubuta cewa uba ya amince ɗansa ya halarci duk ibadun makaranta. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. To in ka sa hannu da kanka, ka amince kenan. Wannan haƙƙi kuwa, in faɗa a wuce, ɗan Kirista da ke makarantar Musulmi ma yana da shi, domin babu tilas a addini.

Saura maganar Baba. Kai ne waliyyin yarinyar, amma sa ta a wannan makaranta iyakarsa halal ne in sharuɗɗan sun cika, biyayya ga mahaifi a abin da ba saɓo ba kuwa wajibi ce. In akwai wata makaranta da za ta yi, ko da ta ɗan gaza wannan, ka faranta masa, ka cike giɓin da malamin darasi a gida. In babu, ka je ka same shi da kanka, ba ta waya ba, ka zayyana masa abin da idonka ya gani, ka nuna masa rajistar Islamiyyarta, in da hali ka tafi da wani malami ko dattijo da yake jin maganarsa. Kada ka biya kuɗin makaranta sai ka yi wannan zama da shi.

Wallahu a'alam.