Me ya sa aka fasa gina tashar gas ta Jordan Cove?

Tambaya: Na ji an soke aikin tashar fitar da iskar gas ta Jordan Cove a jihar Oregon ta Amurka, alhali gwamnatin tarayya ta ba da izini. Ta yaya aikin da tarayya ta amince da shi zai rushe?

Amsa: Malam, a Amurka izinin tarayya shi kaɗai ba ya gina irin wannan tasha. An shirya kafa ta a gaɓar Coos Bay, inda za a sanyaya gas zuwa kusan digiri 162 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius har ya zama ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600, sannan a loda shi a jiragen ruwa zuwa Asiya. Kafin gas ɗin ya iso, sai an shimfiɗa bututu mai tsawon mil 229 daga garin Malin, ta cikin gonaki, dazuzzuka da koguna.

Hukumar makamashi ta tarayya, FERC, ta fara ƙin aikin a 2016, domin masu shi ba su nuna cewa akwai waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar amfani da bututun ba. Kamfanin Pembina na Kanada, wanda ya gaji aikin a 2017, ya samu izini a Maris 2020, amma da sharaɗin sai jihar ta yarda. A nan gizo ke saƙar: tun Mayu 2019 Oregon ta hana takardar shaidar kare ingancin ruwa, a Fabrairu 2020 kuma ta ce aikin ya saɓa wa tsarinta na kula da gaɓar teku. Kamfanin ya kai kuka ga tarayya, a farkon 2021 aka goyi bayan jihar sau biyu, shi kuma ya janye a Disamba na shekarar.

A ganina, waɗanda suka fi shan wahala su ne masu filaye. Izinin FERC yana ba kamfani ikon karɓar hanyar bututu ta kotu ko da mai gona ya ƙi sayarwa, saboda haka makiyayi ya shafe shekara goma da ɗoriya bai san ko zai gina rumbu ko ya dasa itace a gefen gonarsa ba. Al'ummomin Klamath kuwa, wato ƙabilun 'yan asalin yankin, sun tsaya kai da fata ne domin kifin kogunansu da makabartun kakanninsu da ke kan hanyar bututun.