Tambaya da Amsa: In sayi filasma 'yar Kwatano don gidan kallon ƙwallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan kallon ƙwallo a Funtuwa, rumfar kwano ce mai cin mutum kamar 60. An kawo min tallan talabijin Panasonic mai inci 50, 'yar Kwatano, da araha. Mai ita ya rantse filasma ce ta asali, wai hotonta ya fi na sababbin LED da ke kasuwa. Kusan kullum da janareto nake aiki. Gaskiya ya faɗa? In saya?
Daga wani mai karatu a Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. A kan hoto dai mutumin nan bai yi maka ƙarya ba. Sai dai ka fara tabbatarwa filasmar ce, tunda a wajenmu duk talabijin mai faɗi da ake maƙalawa a bango filasma muke ce mata. Ta asali nauyi gare ta, mutum ɗaya ba ya ɗaga mai inci 50 cikin sauƙi. Ƙwanƙwasa fuskarta da farce, za ka ji gilashi mai tauri. Duba lambar da ke bayanta kuma: a na Panasonic da aka yi wa Turai za ka ga TX-P, na Samsung kuwa da PS ko PN suke farawa.

Ga inda kyan hotonta ya samo asali. Tsakanin gilasai biyu akwai miliyoyin ƙananan ramuka cike da iskar neon da xenon. In lantarki ya ratsa iskar, sai ta kunna sinadarin da aka shafe ramin da shi, ya ba da ja ko kore ko shuɗi. Wato kowane ɗigo da kansa yake haska kansa. LED kuwa fitila ce ke ci a bayan allo, ana tare haskenta, shi ya sa baƙinta yakan fito toka-toka. Baƙin filasma baƙi ne wuluk. Wanda ya zauna can gefen benci zai ga launi daidai da na tsakiya, kuma in aka buga dogon fasin ba za ka ga ƙwallo tana jan wutsiya ba. Na daɗe ina kwance talabijin ina ɗaurawa, har yau in na kunna lafiyayyar filasma a ɗaki mai duhu sai na ɗan tsaya na kalla. Ina son na'urar nan ƙwarai.

Duk da haka, don gidan kallo ba zan ce ka saya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tabo. Filasma ba ta son abin da ke tsayawa wuri guda a allo na tsawon lokaci. Kai kuwa sana'arka ke nan: tambarin tasha a kusurwa ɗaya, akwatin ci da agogon wasa a ɗaya kusurwar, ranar Asabar tun azahar har dare. Ɗigon da ke wurin suna riga sauran tsufa, sai inuwar tambarin ta zauna daram ko ka canja tasha. An taɓa kawo min wata daga wani gidan kallo, mai ita yana ta goge gilashin da tsumma, yana zaton datti ne. In tabon ya kama sosai, babu mai gyaran da zai fitar maka da shi.

Sai cin wuta. Filasma takan ci ninki biyu ko uku na abin da LED mai girmanta ke ci, kuma gwargwadon hasken hoto gwargwadon jan wutarta, filin ƙwallo kuwa fes yake da haske. Lissafa wannan da kuɗin fetur na kakar wasa guda, ka ga ko arahar tana nan. Ga zafin da take fitarwa ta sama, a rumfar kwano, a watan Afrilu, da mutum 60 a ciki. Zafi da ƙura da wutar janareto mai hawa da sauka su ne ke kashe allon wutarta, wato bod ɗin da ke raba mata lantarki a ciki.

In ya mutu kuma, samun wani aiki ne. Panasonic ta rufe harkar filasma a farkon 2014, Samsung da LG suka bi sahu a shekarar. Ka ga ke nan wadda aka kawo maka ta haura shekara 10, kayan gyaranta kuma sai an ciro daga wata matacciya.

In ranka ya biya, saye ta don falonka, inda za a kalli fim bayan isha'i a kashe. Kafin ka biya, sa farin hoto zalla a filashi ka kunna mata, ka duba ko akwai inuwar rubutu ko layi a tsaye. Bar ta a kunne minti 30, ka saurara ko tana ƙugi mai ƙarfi. A tsaye za a ɗauko ta, kada a kwantar da ita a bayan a-kori-kura, gilashin na iya tsagewa a gargada. Ka haɗa ta da sitabilaiza. Gidan kallo kuwa, nemi LED mai inci 55, ka je shagon da kanka ka tsaya daga gefe ka ga ko launinta yana kodewa kafin ka ciro kuɗi.