Zane ko hoto a shafin manoman riɗi

Ƙanena, ka tambaye ni ko zanen hannu za ka sa a shafin intanet na ƙungiyar manoman riɗin nan da muke haɗawa, ko hoton kyamara. Duka biyun za ka sa, amma kowanne da wurinsa.

Dilan da ke zaune a Dawanau in ya buɗe shafin, riɗin yake son gani da idonsa: farinsa, cikar ƙwayarsa, ko akwai tsakuwa a ciki. Nan zane ba shi da hurumi. Buɗe bakin buhu da hantsi, ka ɗauki hoto. Zane kuwa ajiye shi don abin da hoto ɗaya ba zai iya faɗa ba: a yanke riɗi, a ɗaure, a jingine shi tsaye ya bushe, a kaɗe a kan tamfol, a sheƙe. Ka jera su da kibiya a tsakani, wanda karatun boko bai yi masa nisa ba ma zai gane.

Abin da ya fi damuna shi ne zanen da ka kwaso jiya a intanet, Bature da hular kaboyi a kan tarakta. Wa ya san shi tsakanin Gumel da Maigatari? Manominmu na ganinsa zai ce ba da shi ake ba. Zana masa mutum da malfa a bayan shanun huɗa, da mace tana shiƙa da faifai. Su ne masu shafin, su ya kamata a gani. Kuma zanen da ka tsinta yana da mai shi. In lasisinsa bai ba ka izini ba, haƙƙin wani ne, bar shi.

Sai nauyi. Ka san yadda sabis yake yi mana a ƙauye, ga tsadar data. Zanen ka fitar da shi a tsarin fayil na SVG. Shi layuka da siffofi yake ajiyewa, ba ɗigo-ɗigo ba, shi ya sa komai girman da ka ja shi ba ya dishi-dishi, kuma zane mai sauƙi 'yan kilobait ne kawai. Manhajar zane ta Inkscape kyauta ce, za ta yi maka. Hoton riɗin kuma kada ka ɗora shi yadda waya ta ɗauko. Rage faɗinsa, ka mai da shi WebP ko JPEG, tsarin fayil masu rage nauyin hoto.

Launi biyu ko uku sun isa, kaurin layi ya zama ɗaya a duka zanen. Kowanne ka rubuta masa gajeren bayani a gurbin alt, wato wurin rubutun da ke maye gurbin hoto, don makaho mai sauraron shafi da manhaja, da kuma ranar da hoto ya ƙi buɗewa.

Gobe kawo mini zanen farko a takarda kafin ka taɓa kwamfuta. In mun gama, a ƙaramar wayar sakataren ƙungiya za mu gwada shi, can bakin gona.